Giwa da dodon koɗin teku, amsa ga ɗiyata

Wata ɗalibata ta da, wadda yanzu take karatu a Gusau, ta turo min saƙo da dare tana cewa: "Malam barka da dare, don Allah an ba mu aiki ne wai mu kwatanta giwa da dodon koɗin teku, ta wajen halittarsu da kuma yadda ake kare su kar su ƙare. Ni wallahi ban ga abin da ya haɗa su ba, kuma mu da ba mu da teku ina ruwanmu da shi? A ganinka wanne ya fi buƙatar a kula da shi?" Na ce bari in amsa mata nan inda kowa zai gani, don tambayar ga ta fi ƙarfin saƙon waya.

To ɗiyata, bari in fara da "ina ruwanmu" ɗin nan, domin ina da yaƙinin kin taɓa riƙe dodon koɗin teku a hannunki ba ki sani ba. Wuri nake nufi. Wurin nan da ake ɗaura wa jarirai a wuya ko a ƙugu, wanda ake jerawa jikin ƙwarya da kayan makaɗa, ai ƙwanson wata dabbar teku ce, da ranta a ciki kafin ta zo hannunmu. Ina yaro a Yauri kakata tana da su cikin wani tsohon adudu, ta kan zuba min su a tabarma in yi ta jerawa, bayansu sumul kamar an shafa mai, cikinsu kuma da tsaga mai ƙananan haƙora gefe da gefe, wasu an fasa musu baya don a samu zura zare. Sai da na yi karatun ilimin halittu na gane dalilin santsin nan: dabbar tana da wata fata mai laushi da take fitowa ta wannan tsagar ta lulluɓe ƙwanson duka, kullum tana ƙara masa sabon shafe, shi ya sa yake sheƙi ba kamar katantanwar bakin rafi ba. Kuma kalmar "kuɗi" da kike faɗa kullum asalinta jam'in "wuri" ce, har yau in mutum ya zube kuɗi tsaba ana cewa wuri na gugar wuri.

Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kwaso mafi yawansu a da, daga baya wajen tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wani iri daga Zanzibar har ya yi yawa darajarsa ta faɗi. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya ta wancan zamani a kan wuri 2,500. To a wannan zamanin da wuri ke shigowa kasuwanninmu, mi ke fita? Cikin kayan da fatake ke ɗorawa raƙuma zuwa Tarabulus akwai hauren giwa. Kin ga ke nan sun daɗe da haɗuwa a hannun kakanninmu, ɗaya an kashe ta don haƙorinta, ɗaya don gidanta, kuma har gobe abin da ke bin su ke nan.

Wani abu ma da zai ba ki mamaki, ƙasar ga tamu ta Sakkwato da Kebbi ta taɓa kasancewa ƙarƙashin ruwan teku, wani hannu na teku ya taɓa ratso Sahara ya iso nan. Farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita cike take da ƙwanson dabbobin teku da suka koma dutse, har da dodon koɗi, shekarunsu sun haura miliyan 50. Duk wanda ya yi gini da wannan siminti da ragowarsu ya yi.

Yanzu halitta. Giwa kin san ta, dabba ce mai ƙashin baya mai shayarwa, jininta ɗumi, toron giwar daji kan kai tan 6, kwanyarta kaɗai ta kai kilo 5. A rana ɗaya tana iya cin ciyawa da ganye da ɓawon itace kusan kilo 150, ta sha ruwa sama da lita 100. Kunnuwan nan manya fanka ce, jijiyoyin jini ne shimfiɗe a ciki, in ta kaɗa su jinin ya huce ya koma jiki. Haure kuma haƙoran gaba ne na sama da suka yi ta tsawo. Giwaye iri uku ne a duniya, ta dajin fili da ta kurmi duk a Afirka, sai ta Asiya. Suna magana da juna da wata irin murya ta ƙasa-ƙasa wadda kunnen mutum ba ya ji amma tana tafiya kilomita da dama, kuma garke tsohuwar uwa ke jan sa, ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari don ta ga fari da idonta tun tana ƙarama. Wannan ki riƙe shi, zan dawo kansa.

Dodon koɗin teku kuwa ba iri ɗaya ba ne, dubun dubatan iri ne, daga wanda bai kai ƙwayar gero ba har wanda ƙwansonsa ya fi tsawon hannun yaro. Ba ƙashi ko ɗaya a jikinsa, tsoka ce guda yake jan ciki da ita, ƙwanson kuma shi ke gina abinsa da sinadarin alli da yake tsotsa daga ruwa, yana ƙara masa baki a hankali yadda magini ke ɗora tubali. Jinin mafi yawansu ma ba ja ba ne, shuɗi-shuɗi ne, don tagulla ce ke ɗaukar iska a ciki a maimakon ƙarfen da ke namu.

Inda ni na fi jin daɗin kwatanta su shi ne baki. Giwa turamen haƙoranta ba daga ƙasa suke tsirowa kamar namu ba, daga can baya suke turowa gaba, wanda ya cinye ya karye ya faɗi wani ya maye, amma sau 6 kawai aka ba ta a duk rayuwa. In na ƙarshe ya side, wajen shekara 60 da ɗoriya, shi ke nan ba ta iya tauna, sai ta koma bakin fadama tana neman ciyawa mai laushi har yunwa ta kayar da ita. Shi kuma dodon koɗi harshensa kamar magagari yake, wani ɗan zare ne mai ɗaruruwa ko dubban ƙananan haƙora a jere, yana kankare gansakuka daga jikin dutse da shi, na gaba na cinyewa na baya na tahowa, kuma shi nasa ba ya yankewa har ya mutu. Dabara ɗaya ce Allah ya ba su, ta turo haƙori daga baya, ɗaya da iyaka ɗaya ba iyaka. Akwai wani mai manne wa dutse a bakin teku da masana a Ingila suka auna haƙorinsa a 2015 suka tarar ya fi zaren gizo-gizo ƙarfi.

Kar kuma ki ɗauka duk masu kiwon gansakuka ne marasa cutarwa. Akwai wata katantanwa mai tsini kamar mazurari da take farautar kifi, haƙorinta ya zama kibiya mai dafi, tana harbin kifi ya sandare nan take, wasu irinta sun kashe mutane. Ɗaya daga cikinsu har insulin, sinadarin nan mai saukar da sukarin jini, take watsawa cikin ruwa sukarin jinin kifin ya faɗi ya kasa gudu. Daga dafin irin waɗannan aka samo wani maganin ciwo mai tsanani da aka amince da shi a Amurka a 2004, ana ba wanda sauran magunguna suka kasa. Ita ma giwa likitoci na bin ta, don duk da girman jikinta ba ta cika kamuwa da ciwon daji (kansa) ba, an gano tana da kwafi kusan 20 na wata ƙwayar gado mai hana ciwon daji wadda mu guda ɗaya gare mu.

Amma gundarin amsarki, abin da nake so ki gina aikinki a kansa, haihuwa ce. Giwa cikinta wata 22, ɗa ɗaya take haifa mai kilo kusan 100, ta shayar da shi shekaru, sai bayan shekara 4 ko 5 ta sake, kuma 'yar ba ta fara haihuwa sai ta haura shekara 10. Ki lissafa da kanki, garken da aka kashe wa uwa goma a damina ɗaya yaushe zai mayar? Kuma maharbi babba yake nema mai dogon haure, wato tsohuwar nan da ta san hanyar ruwa, in ta faɗi ba nama kaɗai aka rasa ba, ilimin garken ne ya tafi, sai ki ga matasa sun watse suna faɗawa gonaki. A Gorongosa ta Mozambik, lokacin yaƙin basasar 1977 zuwa 1992, an kashe kusan kashi 90 cikin 100 na giwayen, har ta kai matan da ba su da haure, da a da ba su kai 1 cikin 5 ba, suka zama rabin waɗanda suka tsira, don su ne bindiga ta ƙyale. Mutum ya canza halittar dabba cikin shekara 15, abin nan yana taɓa min zuciya duk lokacin da na koyar da shi.

Dodon koɗi kuwa akasin haka, akwai wata babba a tekun Karibiyan da ake wa laƙabi da sarauniya, namanta abinci ne babba a can, a zuba ɗaya tana saka ƙwai sama da 300,000, su ƙyanƙyashe su bi ruwa, ba uwa ba reno, kifi ya cinye mafi yawa 'yan kaɗan su rayu. Duk wanda ya ji haka zai ce to wannan ai ba ta ƙarewa, kuma wannan tunanin ne ya cuce ta. Abin da aka manta, dabba ce mai jan ciki, ba ta iya tafiya nesa neman miji. Masu bincike a tsibiran Bahamas sun lura in manyan suka yi ƙasa da kamar 50 a hekta guda, saduwa tsayawa take yi cak, kowacce na nan da ranta da lafiyarta amma ba su haɗuwa. Jihar Fulorida ta hana kama ta gaba ɗaya tun tsakiyar shekarun 1980, har yau ba ta koma yadda take ba. Farin abalon na Kalifoniya, wani dodon koɗin teku da shi ma ake cin namansa, nasa ya fi muni, don shi mace da namiji watsa ƙwai da maniyyi suke cikin ruwa, in tsakaninsu ya wuce 'yan taku kaɗan ba abin da zai haɗu, masu nutso suka kwashe su a shekarun 1970 aka bar ɗaiɗaiku warwatse suna tsufa, a 2001 ya zama dabbar teku marar ƙashi ta farko da Amurka ta sa cikin jerin masu shirin ƙarewa. Kin ga ita giwa jinkirin haihuwa ke kashe ta, shi kuma kaɗaici, amma ramin ɗaya suke faɗawa.

Wajen kariya nan ne bambancin gata yake fitowa. Giwa tana da masu kuka dominta. A 1989 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji a duniya, ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, a shekarar ne shugaban Kenya Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na haure wuta a bainar jama'a, Chaina ta rufe kasuwar haurenta ta cikin gida a ƙarshen 2017, Najeriya ma a Abuja a watan Janairun 2024 ta farfasa tan 2.5 na hauren da aka kama. Ana ƙirga giwayen da jirgin sama, ana ɗaura musu na'ura a wuya. Duk da haka ƙidayar da aka fitar a 2016 ta nuna giwar fili ta ragu da kashi 30 cikin 100 tsakanin 2007 da 2014, a 2021 kuma ƙungiyar IUCN mai kare halittu ta duniya ta ce ta kurmi ta ragu da sama da kashi 86 cikin 100 a shekara 31. Mu nan Najeriya abin da ya rage bai wuce 300 zuwa 400 ba, kimanin 100 a Yankari, sauran a kurmin kudu irin su Okomu da Omo da Kuros Riba. Dajin Kamuku da ya haɗe da Kuyambana ta wajenku can Dansadau hanyarsu ce a da, dattawa sun sani, yau kuwa wa zai shiga ya duba?

Shi dodon koɗi ba mai ƙirga shi da jirgi, yana ƙarewa ƙarƙashin ruwa ba wanda ya gani. Kuma abokan gabansa ba masu kama shi kaɗai ba ne, duk da akwai su, a Afirka ta Kudu satar abalon ana kai wa Hon Kon ta zama sana'ar 'yan daba kamar dai ta haure. Hayaƙin da duniya ke fitarwa teku na shanye wani kaso, ruwan yana ƙara tsami, ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 tun da aka fara masana'antu, alli kuwa kin san yadda yake yi in ya haɗu da tsami, an riga an ga ƙananan masu siririn ƙwanso da ƙwanson na zaizayewa suna raye. Akwai wani a can ƙasan tekun Indiya, zurfin sama da mita 2,400, bakin maɓuɓɓugar ruwan zafi, ƙafarsa da sulke na ƙarfe, sai 2001 aka fara ganinsa, a 2019 har ya shiga jerin masu fuskantar haɗarin ƙarewa saboda shirin haƙar ma'adinai a wurin da yake. Ke da kika fito Zamfara ba sai an gaya miki abin da haƙar ma'adinai ke yi wa ƙasa ba. Ko a Neja Delta ƙananan nan da ake sa wa a miya, a yi gini da ƙwansonsu a madadin tsakuwa, malalar mai da sare itatuwan bakin ruwa na cin gidansu.

Akwai labari mai daɗi ɗaya dai. An yi wani fenti mai suna TBT da ake shafa wa gindin jiragen ruwa, ashe ɗan kaɗan ɗinsa cikin ruwa na sa matan wani dodon koɗi su fitar da gaban namiji su kasa saka ƙwai, suka ɓace daga bakin tashoshin jiragen ruwa da yawa a Turai. Da aka hana fentin a duniya a 2008 sai ga su suna dawowa. Mai ƙwai da yawa in aka ɗauke masa abin da ke damunsa tun da sauran jama'arsa, yana farfaɗowa da wuri, giwa kuwa ko an daina harbi yau sai an yi haƙurin shekara 30.

Kin tambayi wanne ya fi. Ni a wurina, mu nan, giwa ce, don ita ce a ƙofar gidanmu kuma ita ce lissafinta ya kusa ƙarewa. Shekarun baya da giwaye suka ɓullo yankin Bagudo da Koko/Besse, ta wajen iyakar Benin inda babban gandun dajin W yake, na je wani ƙauye na ga gonar wani dattijo da suka kwana a ciki. Sawun ƙafa ɗaya na sa ƙafafuna biyu ciki da sauran wuri, dawar da ta kusa isa yanka an tattake ta kwance kamar an bi da turmi, gefe ga tulin kashi da ƙwallayen aduwa a ciki ba su fashe ba, irin wanda in damina ta zo za ki ga sun tsiro, don haka giwa ke shuka daji. Dattijon ya ce min, "Malam, ku kun zo kallo, ni abincin shekara ne wanga." Ban iya ce masa komai ba. Duk mai son giwa ta rayu dole ya fara da wannan bawan Allah, a biya shi asararsa da wuri ba sai ya gaji da zirga-zirga ba, a bar musu hanyar da suka saba bi zuwa ruwa kar a nome ta, a kuma koya wa manoma dabarun da aka gwada suka yi aiki, kamar shingen amya da aka yi a Kenya, don giwa na tsoron zuma ƙwarai, ga kariya ga kuma ruwan zuma na sayarwa, mu kuwa kafa amya ba baƙon abu ba ne gare mu.

Maganin dodon koɗi kuma mu Kabawa mun riga mun san shi ba mu sani ba. Matan Fada a Argungu ba a barin kowa ya jefa homa sai lokacin da aka buɗe, Sarkin Ruwa na tsaye a kai, shi ya sa ranar biki ake fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗaga. Abin da ake yi wa teku ke nan, a keɓe wuri a ce nan ba a taɓawa don manya su taru kusa da juna su hayayyafa, 'ya'yan su bi ruwa su cika sauran wurare, a kuma hana ɗaukar wadda ba ta balaga ba, ita sarauniyar nan ma da kaurin leɓen ƙwansonta ake gane ta isa. Ki sa wannan misalin a aikinki, malaminku zai gane kin fahimci abin ba haddacewa kika yi ba.

Abu ɗaya kar ki cakuɗa: ƙananan katantanwar da kike gani a magudanan Bakolori da fadamun shinkafa na ruwan daɗi ne, ba na teku ba, kuma wasunsu su ke ɗauke da tsutsar tsargiya mai sa yara fitsarin jini, wannan babi ne daban da za mu yi wata rana. In kin je gida hutu ki roƙi Inna ta nuna miki wuri in tana da shi, ki juya cikinsa ki duba tsagar nan da kyau, ta nan dabbar ke fitowa. Ki gaishe min da Baba da mutanen gida.